Agogon hannu ya ce shekarun jikina 53 alhali ina da 44: yaya ake lissafa wannan makin?

Maman Hanif, Anguwan Rogo, Jos

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina roƙon wanda ya san abin nan ya yi mini bayani dalla-dalla, don yau kwana huɗu ke nan ya hana ni sukuni.

Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa a nan Jos. A farkon shekarar nan aka canja mana kamfanin inshorar lafiya. Sababbin suka zo da wata manhaja, aka ce kowa ya sauke a wayarsa ya cike shekarunsa, tsawonsa, nauyinsa, ko yana shan taba, ko akwai wata cuta da ke bin dangi. Wanda yake da agogon nan mai ƙirga taku kuma aka ce ya haɗa shi da manhajar, wai za a riƙa ba masu yawan maki kyautar katin waya. Ni dama ƙanina da ke Abuja ya taɓa kawo mini irinsa tsaraba, yana nan ajiye cikin durowa, sai na ɗauko na ɗaura.

Watannin farko launin da manhajar ke nuna mini ruwan ɗorawa ne, ban damu ba. Bayan ƙaramar salla na buɗe sai na ga ja. A ƙasa an rubuta cewa haɗarina yana da yawa, kuma shekarun jikina 53. Ni kuwa shekaruna 44. Dalilan da ta lissafa uku ne: takuna a rana bai wuce 3,900 ba, barcina awa huɗu da minti arba'in, sannan nauyina kilo 82 a kan tsawon mita 1.62.

Nauyin dai ban musa ba, gaskiya ne. Amma sauran biyun fa? Azumi aka yi. Ƙarfe uku da rabi nake tashi ɗora sahur, a goman ƙarshe kuma ga tahajjud. Barcin da nake ramawa bayan na dawo aiki agogon ba ya ganinsa, don yana caji a lokacin. Maganar taku kuma, ina cire shi in zan yi alwala, ina cire shi in zan yi wanke-wanke ko wanki, sau da yawa sai na isa ofis in tuna na bar shi a bakin taga. Ranar Asabar na zaga kasuwar Farin Gada tun daga masu tumatir har masu kabeji, buhu a hannu, na dawo gida ƙafafuna suna zogi, na duba na ga taku 2,100. A ofishinmu akwai yaron da ke buga ƙwallo kullum da yamma, makinsa kore shar, amma kowa ya san kwalin taba ba ya kwana biyu a aljihunsa.

Abin da ya sa ban iya share maganar ba shi ne mahaifiyata. Tana da shekara 57 wata safiya muna karyawa, na ga kofin koko ya suɓuce daga hannunta na dama. Ta buɗe baki za ta yi magana, bakin ya karkace gefe, kalmar ta ƙi fita. Shanyewar ɓarin jiki. Shekara shida na yi ina juya ta a kan gado, ina ba ta abinci a baki, kafin Allah ya karɓi abarsa. Autana yanzu shekararsa bakwai. Da na ga jan nan, fuskarta ce ta fara zuwa mini.

To tambayata: yaya ake lissafa wannan maki, kuma gaskiya yake faɗa game da jikina? Sannan wa ke ganinsa ban da ni? Zai iya sa a ƙara mini kuɗin inshora, ko ya kai ga kunnen masu gidan aiki?

Sista Talatu, Bukuru

Maman Hanif, sannu. Allah ya ji ƙan Mama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 19 ina aiki, mafi yawansu a ɗakin masu hawan jini da ciwon suga. Bari in fara da abin da ya tsaya mini a rai tun da na karanta: a duk bayanin da kika yi ban ga inda kika faɗi awon jininki ba. Yaushe rabon da a ɗaura miki abin awo a damtse?

Na tambaya ne don makin haɗarin da mu muke amfani da shi a asibiti ba da taku ake haɗa shi ba. Asalinsa wani dogon bincike ne da aka fara a 1948 a garin Framingham na Amurka, inda aka bi dubban mutane shekara da shekaru ana duba su waye ciwon zuciya ke kamawa. Daga nan aka gane abubuwan da suka fi nauyi: shekaru, namiji ne ko mace, hawan jini, shan taba, ciwon suga, da yawan maiƙo a jini. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sababbin jadawali na yanki-yanki, har da na yammacin Afirka, ga mutane daga shekara 40 zuwa 74. Akwai ma wanda ba ya buƙatar gwajin jini ko kaɗan, shekaru ne kawai, da jinsi, da taba, da lambar sama ta awon jini, da nauyi a kan tsawo. Amsar da yake bayarwa ita ce: cikin mutum ɗari masu irin yanayinki, nawa ne ake tsammanin ciwon zuciya ko shanyewar jiki zai same su nan da shekara goma. Ƙasa da biyar kore ne, daga ashirin zuwa sama ja ne.

Kin ga ke nan babban ginshiƙin lissafin shi ne awon jini, shi kuma agogonki ba shi yake aunawa ba. Abin da yake aunawa saurin bugun zuciya ne, wanda ga babba a zaune yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. Mutane da yawa suna haɗa biyun. Na sha ganin mai bugu 72 daidai wa daida, a ɗaura masa abin awo a ga 170 bisa 100, kuma ba ya jin komai, ko ciwon kai. Agogon da ke cewa yana auna hawan jini daga wuyan hannu ba tare da ya matse ba, kada ki dogara da shi.

Ko bugun ma, juya agogon ki ga wani koren haske yana walƙiya a bayansa. Hasken ne ke shiga fata ya dawo, da shi yake gane gudun jini. In agogon ya yi sako-sako, ko hannu ya yi sanyi irin na hunturunmu na Jos, karatun yakan karkace. Launin fata ma ana magana a kansa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna cewa ɗan abin nan da muke maƙala wa a yatsa don auna iskar jini ya fi ɓoye ƙarancin iska a baƙar fata, kusan ninki uku a kan farar fata. Wannan na'urar asibiti ke nan fa, balle agogon kasuwa.

Nauyinki kuwa na lissafa: 82 a raba da 1.62 sau 1.62, ya ba da 31 da ɗoriya. Daga 30 ake kiran sa ƙiba, don haka a nan manhajar ba ta yi miki ƙarya ba. Ki haɗa da tarihin Mama, sai in ce miki ki manta da 53 ɗin nan, lamba ce ta jan hankali, amma kada ki manta da dalilin tsoronki.

Ga abin da nake so ki yi a makon nan. Ki je asibiti ko babban kantin magani a auna ki. Ki zauna minti biyar tukuna, bayanki a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. In damtsenki mai kauri ne ki ce a sa babban maɗauri, ƙarami yana ƙara lamba. Ki sake a wata rana daban. In duka biyun sun kai 140 bisa 90 ko sun wuce, ki ga likita. Ki kuma yi gwajin suga da safe kafin ki ci komai. Daga 126 a ƙaramar na'urar awon suga abin dubawa ne. Ki dawo ki gaya mana.

Sani Mai Keke, Rikkos

Hajiya, abin da zan ƙara kaɗan ne. Ni Keke Napep nake ja, daga Terminus zuwa Bauchi Road, wani lokaci har Yan Taya. Wani fasinja ya sayar mini da irin agogon nan. Ranar da na wuni a kan keke tun bakwai na safe har magariba, ƙafata ba ta taka ƙasa ba sai salla da cin abinci, agogon ya rubuta mini taku 14,000 har da taya murna. Girgizar kan keke da ramukan hanya yake ƙirgawa. Ranar Juma'a kuma da nake tura baron ruwa zuwa gida, hannuwana a kan ƙarfe ba sa motsi, kusan bai ƙirga komai ba.

Abin ya dame ni don ni na san zaman nan yana cin jikina, bayana yana ciwo, tumbi yana fitowa. Da a ce da wannan lambar za a auna ni, da an ce na fi ki lafiya, alhali ke kina tsaye tun asuba.

Sadiq, Kubwa, Abuja

Anti, ina wuni. Aikina rubuta manhajoji ne, don haka zan ɗauki ɓangaren lissafi da na wa ke gani.

Abin da Malam Sani ya faɗa shi ne ainihin yadda abin yake. A cikin agogon akwai ɗan ƙaramin abu mai jin motsi, ba ƙafa yake gani ba, lilon hannu yake ji. Shi ya sa buhun Farin Gada ya cinye miki taku: hannun da ke riƙe da kaya ba ya lilo. Barci ma hasashe ne, in hannu ya daina motsi kuma bugun zuciya ya sauka sai ya ce kin yi barci. A 2017 an gwada agogo iri bakwai a Jami'ar Stanford, aka ga yawancinsu suna kamanta daidai a bugun zuciya, amma a lissafin kuzarin da jiki ya ƙona wanda ya fi kowanne ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin ɗari.

Daga nan manhaja takan ba kowane abu nauyinsa, ta tara, ta fitar da maki. Wane nauyi aka ba taku, wane aka ba barci, wannan sirrin kamfani ne, kowa da nasa. Inda aka fi cutar irinku shi ne ranar da babu bayani. Mai rubuta manhaja yana da zaɓi biyu: ya tsallake ranar, ko ya ɗauke ta a matsayin sifili. In sifili ya zaɓa, duk ranar da kika bar agogo a bakin taga an rubuta ki a wadda ta wuni kwance. Kuma ina tabbatar miki wanda ya tsara ma'aunin barcin bai yi tunanin sahur ba.

Tsarin ba sabo ba ne. Kamfanin Discovery na Afirka ta Kudu ya fara shirinsa na Vitality tun 1997, ana tara maki da motsa jiki da zuwa awo, ana hawa mataki-mataki ana samun rangwame. A 2018 kamfanin John Hancock na Amurka ya sanar cewa duk sabuwar inshorar rai da zai sayar za ta zo haɗe da wannan shirin. A wajensu rangwame ake kiran sa. Ni a ganina in an rage wa mai yawan taku, wanda bai samu ragin ba shi ke biyan cikakke, kuma yawanci shi ne mara lokaci, ko mara lafiya, ko wanda ba shi da kuɗin agogo mai kyau.

A nan gida, inshorar ma'aikata ta kamfani yawanci a dunƙule ake cinikinta, kamfani da kamfani, shekara-shekara, ba kowa da farashinsa ba. Don haka da wuya ki ga an cire miki ƙari ke kaɗai a wata mai zuwa. Amma in an tara makin ma'aikata duka aka ga ja ya yi yawa, zai iya zama hujja a teburin ciniki in an zo sabuntawa. Kuma a ofis mai mutum ashirin, in rahoto ya ce "mace ɗaya mai shekara 40 zuwa 45 a sashen kuɗi", ai ba sai an rubuta suna ba.

Kina da doka a bayanki. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Kina da haƙƙin ki tambayi abin da suka tara a kanki da wanda suka ba, ki nemi a gyara kuskure, ki janye amincewarki, ki nemi a goge. Ta kuma ba ki damar ƙin yarda a yanke muhimmin hukunci a kanki da lissafin na'ura zalla ba tare da mutum ya duba ba. Hukumar da ke kula da wannan, NDPC, tana nan Abuja, ana kai mata ƙorafi. Ki rubuta wa sashen ma'aikata takarda, ba magana ta baki ba, ki tambaye su abu uku: shin haɗa agogo dole ne, wa ke ganin makin mutum ɗaya, kuma ranar da babu bayani yaya ake lissafa ta. Ki riƙe kwafi.

Alhaji Ɗanjuma, Gangare

'Yata, duk abin da suka faɗa na yarda, amma kada ki mayar da agogon cikin durowa. Ni shekarata 63, ina da suga shekara tara. Likita ya gaji da ce mini in riƙa tafiya, ina cewa to. Sai da jikana ya ɗaura mini abin nan na ga da idona cewa daga gida zuwa shago zuwa masallaci ko taku 2,000 ba na yi, sannan kunya ta kama ni. Yanzu in an idar da asuba ba na komawa gado, ni da maƙwabcina muna zagayawa minti arba'in, ko da sanyi, da rigar sanyi da hula. Awon sugana na safe ya sauka, har likita ya rage mini ƙwaya ɗaya. Ko da ƙirgensa ba daidai ba ne, jiya da yau da ma'auni ɗaya yake auna ni, ina ganin ko na ƙaru ko na ragu. Kamfani dai ban ba kowa nawa ba, kuma ba zan bayar ba.

Sista Talatu, Bukuru

Baba ya yi gaskiya. Kuma kada taku 10,000 ɗin nan da agogo ke nema a rana ya karya wa kowa gwiwa. Daga tallar wani abin ƙirga taku aka samo shi a Japan a 1965, ba daga asibiti ba. Binciken da aka yi a Harvard a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna masu taku wajen 4,400 sun fi masu 2,700 tsawon rai, amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga babba minti 150 ne zuwa 300 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Minti talatin sau biyar ke nan.

Maman Hanif, Anguwan Rogo, Jos

Na dawo kamar yadda Sista ta ce. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Sista, amsar tambayarki ita ce tun awon cikin Hanif ba a sake auna ni ba. Shekara bakwai. Ni da na yi jinyar mai shanyewar jiki shekara shida. Ranar Talata na je, na zauna minti biyar ɗin, yarinyar ta ɗauko ƙaramin maɗauri na ce a'a, a kawo babba. Na zuba wa lambobin ido suna hawa suna sauka har suka tsaya: 152 bisa 96. Na kalli agogon hannuna a daidai lokacin, yana nuna 74 da ɗan hoton zuciya. Ranar Alhamis na koma, 148 bisa 94. Suga 98, alhamdu lillahi, wannan lafiya lau.

Na ga likita jiya. Ya tambayi tarihin gida, na ba shi labarin Mama, ya rubuta gwajin ƙoda da na maiƙo, ya ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya ce in dawo bayan mako huɗu. Ya yi mini maganar gishiri sosai, wai duk abin da mutum zai ci a yini kada ya wuce giram biyar, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Ni da nake jefa huɗu a tukunyar miya. Na nuna masa jan da ke wayata, ya duba ya ce shi da lambar damtse zai yi aiki.

Abin da ya fi ɓata mini rai, na koma cikin manhajar na bincika, ashe akwai gurbin rubuta awon jini, can ƙasa, ba dole ba ne a cike. Na bar shi fayau tun farko kuma ba ta taɓa tambayata ba, amma kullum sai ta turo mini saƙo a kan taku. Wata huɗu.

Sadiq, na rubuta takardar, na kai da hannuna, an buga mini hatimi a kwafina. Na cire haɗin agogon da manhajar har sai sun amsa. Mata biyu a ofis sun ce in ba su su kwafa. Yaron nan mai ƙwallo ma na ja shi gefe na ce ya je a auna shi, koren nan bai san da tabarsa ba, don ya faɗa mini da bakinsa "a'a" ya cike a wurin.

Baba Alhaji, agogon yana hannuna. Na fara sauka daga keke tun kafin a kai ni ƙofar ofis in ƙarasa da ƙafa, minti ashirin ne, jaka a kafaɗa don hannu ya samu lilo. Ranar Asabar kuma zan ɗauki ƙannena mata biyu mu je a auna su, ɗaya 41 ɗaya 38, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Sista, in zan sayi na'urar awo ta gida, ta damtse ko ta wuyan hannu, kuma yaya zan gane girman maɗaurin da ya dace da ni?